Ina Alhakin Mai Ciwon Hawa Da Sauka Yake?

Akwai wani ciwo na ƙwaƙwalwa wanda likitoci ke kira baifola, mu kuwa bari mu ce da shi ciwon hawa da sauka. Mai shi yakan yi kwanaki ko makonni ba ya neman barci, magana ba ta yanke masa, yana cin bashi yana rabarwa. Can kuma sai ya faɗa cikin baƙin ciki mai nauyi, har wanka ya gagare shi. Tsakanin waɗannan biyu yakan sami watanni, wani ma shekaru, lafiya lau kamar kowa.

To, ya mai karatu, in irin wannan mutum ya sayar da gonar gado cikin hawan ciwo, ko ya zagi surukinsa, laifinsa ne? Malamai sun ce zunubi ba ya hawa kan wanda hankalinsa ya gushe, cinikinsa kuma bai ƙullu ba, sai dai abin da ya ɓata na mutane a biya daga dukiyarsa. Wannan haka yake. Amma a ganina, daga ranar da likita ya gaya masa sunan ciwonsa, alhaki bai faɗi ba, wuri ya sake. Ya tashi daga kwanakin ciwo, ya koma kwanakin lafiya, domin a cikinsu ne yake da ikon tsare kansa.

Tsaron kuwa sananne ne. Tun 1949 wani likita a Ostireliya, John Cade, ya nuna gishirin litiyam yana kwantar da hawan ciwon, har yau kuwa ana aiki da shi. Sai dai magani ne mai sharaɗi. In mutum ya yi ƙarancin shan ruwa, ko ya rage gishirin abinci farat ɗaya, ko zawo ya kama shi, maganin yakan taru a jini ya zama guba, hannu ya yi ta rawa, amai ya biyo. Saboda haka ake auna jini lokaci lokaci. Mai shansa, in azumi ya faɗo cikin bazara, wajibi ne ya tambayi likita tun kafin ganin wata. Addini ya riga ya yi wa majinyaci sauƙi. Barci ma magani ne, don rashinsa na dare biyu ko uku yakan tayar da ciwon. Goro da shayi mai kauri bayan isha ba nasa ba ne, ko da abokan hira za su ce ya cika tsirfa.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ranar da mutum ya ji garau, ya ce ya warke, ya ajiye magani. Wannan shawara da hankalinsa ya yanke ta, nan ne kuwa nake ganin za a tambaye shi.

Dangi ma suna da nasu kaso. Wanda ya ce da shi aljanu ne, ya hana shi asibiti, ko ya sa masa mari, ya ɗauki alhakin abin da ya biyo baya. Abin da ya fi, tun yana lafiya a zauna da shi, ya zaɓi ɗan'uwa guda da ya amince wa, ya ce masa, “Yaya, in ka ga na kwana biyu ban runtsa ba, karɓi takardar gona da kuɗin da ke hannuna, ka kai ni wurin likita ko ina faɗa.”