Amanar Wasiƙa da Haƙƙin Mai Kai Ta

A daren 17 ga Maris 1970 masu raba wasiƙu na birnin New York suka cika wani zauren taro a Manhattan, aka kaɗa ƙuri'a. Mutum 1,555 suka ce a tafi yajin aiki, 1,055 suka ce a ƙara haƙuri. Kafin gari ya waye sun ja daga a ƙofar gidajen waya.

'Yan reshe na 36 ne na NALC, ƙungiyar masu kai wasiƙu ta Amurka wadda aka kafa a Milwaukee tun 1889. Ba da yawun shugabanninsu suka fita ba, shugaban ƙungiyar na ƙasa, James Rademacher, roƙonsu ya yi ta yi su koma. Doka kuwa ba ta ɓoye matsayinta ba: ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya yi yaji yana iya shan tarar dala 1,000 da ɗaurin shekara guda da kwana ɗaya. Bayan haka, kowannensu ya sa hannu a takardar rantsuwa ranar da aka ɗauke shi aiki cewa ba zai yi wa gwamnati yaji ba. Duk da haka cikin 'yan kwanaki wutar ta kama Chicago da Philadelphia da Detroit, har ma'aikata wajen 200,000 suka ajiye jakunkunansu.

Shin wanda aka damƙa wa amana, ya kuma rantse a kanta, yana da ikon ya ce yau ba zai ɗauka ba?

Masu cewa a'a suna da hujja mai ƙarfi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma babu wanda aka ɗaura wa igiya aka ja shi zuwa gidan waya. Amma abin ya wuce nan. Idan ma'aikatan masaƙa suka yi yaji, aljihun mai masaƙa ne ke jin jiki, shi ne kuma abokin rigimarsu. Buhunan da suka taru a gidajen wayar New York kuwa ba kayan gwamnati ne a ciki ba. Cekin fansho ne na tsohuwar da ke jiran ta biya kuɗin haya, da takardar sojan da ke fagen daga a Vietnam zuwa ga uwarsa, da takardun kuɗi na 'yan kasuwar Wall Street. Mai wasiƙa ya sayi kan sarki, ya manna, ya jefa ambulan a akwati ya juya, ba rasit ba shaida. Da wuya a sami wata mu'amala da ta dogara ga yarda tsagwaronta kamar wannan. Malaman fiƙihu suna ɗaukar ɗan ijara a matsayin amini kan abin da aka sa a hannunsa, ajiya kuma ba a riƙe ta don a matsa wa wani can daban. Cocin Katolika ma, wadda Fafaroma Leo na 13 ya tabbatar da 'yancin ma'aikata na kafa ƙungiya da sunanta tun 1891, ta sa iyaka: a 1981 Fafaroma John Paul na 2 ya yarda da yaji a matsayin makamin ƙarshe, amma ya ce wajibi ne a kiyaye hidimomin da rayuwar jama'a ta rataya a kansu.

Sai dai alƙawari ƙafa biyu gare shi, kuma a nan ne labarin ya fi zafi. Sabon ma'aikacin gidan waya a lokacin yana farawa da dala 6,176 a shekara. Sai ya shekara 21 yana tafe cikin ƙanƙara da haushin karnuka kafin ya kai ƙololuwar albashi, dala 8,442. A birni mai tsada irin New York wannan ba ya riƙe gida, shi ya sa da yawa suke haɗawa da aikin dare, wasu ma sun cancanci tallafin da gwamnati ke ba marasa galihu. A 1969 'yan majalisar da ke yanke musu albashi suka ɗaga nasu daga dala 30,000 zuwa 42,500, ƙarin sama da kashi 41 cikin 100. Na ma'aikatan gidan waya kuwa, ana ta gafara sa ba a ga ƙaho ba, abin da aka ambata a ƙarshe bai wuce kashi 5.4 ba.

Kuma ba su da wurin kai kuka. Ƙungiyarsu ba ta da ikon zama da gwamnati a yi cinikin albashi, iyakarta ta bi ofisoshin 'yan majalisa tana kamun ƙafa. Su da kansu suna kiran abin bara a ƙungiyance. Wannan ma ci gaba ne, domin a 1902 Shugaba Theodore Roosevelt ya haramta wa ma'aikatan gwamnati ko da neman ƙarin albashi a wurin majalisa, sai a 1912 wata doka ta kwance musu baki.

Ijara tana tsayuwa ne a kan yardar ɓangare biyu. Idan ɗaya shi ke yanke lada, shi ke rubuta doka, shi ke da kurkuku, sannan ya rantsar da ɗayan cewa ba zai taɓa janye hannunsa ba, to rantsuwar tana bin wanda ya karɓe ta bashi: ya buɗe wata ƙofa da za a saurari ƙorafi a yi hukunci. Gwamnatin Amurka ta karɓi rantsuwar ta bar ƙofar a kulle. Wannan bai wanke masu yajin tas ba, domin tsohuwar nan ta yi kwanaki ba cekinta kuma ba ta ci musu komai ba. Amma akwai tazara tsakanin jinkirta amana da cinye ta. Wasiƙun suna nan a buhunansu, a rufe yadda masu su suka liƙe su.

A ranar 23 ga Maris Shugaba Richard Nixon ya fito a talabijin ya ayyana dokar ta-ɓaci, ya tura dubban sojoji gidajen wayar New York. Nan aka ga abin dariya da ban tausayi. Ƙwararren mai tantance wasiƙu yana tsayawa gaban wani katako mai ramuka kamar ɗakin tattabaru, kowane rami da unguwarsa. Ya haddace tituna da lambobin gidaje a ka, ido na kan adireshi hannu ya riga ya jefa. Soja kuwa sai ya ɗauki ambulan ɗaya ya juya ta, ya duba ramuka, ya sake duba ambulan. Wasiƙun da suka fita ba su taka kara sun karya ba. Ashe abin da aka ɗauka aikin ɗan dako ne, ilimi ne da ke cikin kawunan mutanen da ke tsaye a waje riƙe da kwalaye.

Kwana takwas aka yi. Ba a kori kowa ba, ba a ɗaure kowa ba. Aka ba su ƙarin kashi 6, sannan wani kashi 8 lokacin da Nixon ya sa hannu a dokar sake fasalin gidan waya ranar 12 ga Agusta 1970. Shekaru 21 na jiran ƙololuwar albashi suka koma 8. A ranar 1 ga Yuli 1971 ƙungiyoyi biyar na ma'aikatan gidan waya suka haɗe suka zama ƙungiya guda mai suna APWU. Vincent Sombrotto, mai raba wasiƙu da ba ya riƙe da kowane muƙami daren ƙuri'ar, ya zama shugaban NALC a 1978, ya riƙe ta har 2002.

Wani abu guda dokar ba ta taɓa ba: har yau haramun ne ma'aikacin gidan wayar Amurka ya yi yaji. Abin da ta ba su a madadinsa shi ne ikon cinikin albashi da sharuɗɗan aiki, idan kuma aka kasa daidaitawa a kai maganar gaban masu sulhu waɗanda hukuncinsu ya hau kan kowa, har da hukumar gidan wayar.

Shekara 11 bayan nan masu kula da zirga-zirgar jiragen sama, su ma ma'aikatan tarayya masu irin wannan rantsuwa, suka gwada sa'arsu. A ranar 3 ga Agusta 1981 Shugaba Ronald Reagan ya karanta rantsuwar a gaban 'yan jarida, ya ba su awa 48 su koma bakin aiki. Da wa'adin ya cika ya kori fiye da 11,000.