Ƙawa ga Mai Gida, Abinci ga Mai Wanki

Ran 5 ga Afrilu 2012 kamfanonin ruwa bakwai a kudanci da gabashin Ingila suka hana mutum kusan miliyan 20 amfani da tiyo. An yi hunturu biyu a jere ruwan sama bai sauka yadda aka saba ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja baya, wasu rafuka sun ƙafe. Ba ba wa lambu ruwa da tiyo, ba wanke mota, ba cika wurin ninƙaya na gida, ba wanke bango ko tagogi, wanda aka kama kuma tara na iya kai shi fam 1,000. Wanda ya tashi a garin da famfo ke yin wata bai ɗigo ba zai ji wannan ya yi murmushi, ya ce ashe wasu ba su san fari ba. Gaskiyarsa. Sai dai a cikin jerin abubuwan da aka hana akwai guda da ke iya shafar tukunyar wasu mutane kai tsaye, wato masu wanke gilashin tagogi, kuma a kansu ne wata tsohuwar tambaya ta fikihu ke fitowa fili: idan ruwa ya yi ƙaranci, wa ya kamata ya fara haƙura, kuma idan an sa shi ya haƙura domin jama'a, me jama'a ke bin kanta a kansa? Abin da nake gani shi ne, hukuma na da ikon tsayar da mai wannan sana'a idan tura ta kai bango, amma ba ta da ikon ta sa shi a sahun farko don kawai aikinsa bai yi kama da larura ba, kuma idan ta tsayar da shi, asarar ba tasa ba ce shi kaɗai.

Sai an ga aikin kafin a yi masa hukunci. Da can mai wanke taga a Ingila tsani ne a kafaɗa, bokiti a hannu, da ɗan abin goge ruwa mai bakin roba. Bokiti ɗaya yakan ishe shi gidaje da yawa. Amma faɗowa daga tsani ta daɗe tana karya ma'aikata tana kashe su, don haka a 2005 aka kafa dokar aiki a wuri mai tsawo, wadda ta ce duk aikin da za a iya yi daga ƙasa kada a hau sama a yi shi. Daga nan sana'ar ta koma ga doguwar sanda mai shiga cikin juna, da buroshi a bakinta, da siririn tiyo da ya bi cikinta ya tafi tanki a bayan mota. Ruwan tankin an tace shi an cire masa gishiri da farar ƙasa, shi ya sa idan ya bushe a jikin gilashi ba ya barin tabo, ba sai an goge ba. Mutum na tsaye a ƙasa, wuya a ɗage, yana wanke taga a hawa na uku ko na huɗu. Tankin yakan ɗauki lita ɗari huɗu ko biyar, na'urar tacewar kuma tana zubar da wani ruwan kafin a sami mai tsabta, don haka abin da ya ci daga famfo ya fi abin da ya shiga tanki. Ke nan doka ce ta sauke shi daga tsani domin kare ransa ta miƙa masa tiyo, sannan wata dokar ta zo tana kallon tiyon a matsayin alamar ɓarna.

Malaman usulu sun daɗe da tsara buƙatun ɗan Adam hawa uku, kuma Shaɗibi, malamin Garnaɗa da ya rasu a 1388, ya faɗaɗa bayanin a littafinsa Muwafaƙat: akwai larura, wadda idan babu ita rai ko addini ko hankali ko zuri'a ko dukiya za su salwanta; akwai buƙata, wadda rashinta ke jawo ƙunci; akwai ƙawa, wadda ke gyara rayuwa kawai. Idan suka ci karo, na ƙasa ke sunkuyawa. Fikihun Malikiyya ya kai wannan har cikin ibada: wanda yake da ruwa kaɗan, yana tsoron ƙishirwa ga kansa ko ga wani ko ma ga dabbar da ake kiyaye ranta, taimama zai yi ya bar ruwan a sha. Idan alwala ta ja da baya saboda ƙishirwar jaki, babu mai hankalin da zai ce ƙyallin gilashi ya tsaya a gaban ƙishirwar yaro. Wannan ba wurin jayayya ba ne. Kuskuren da ake yi yana wani wuri dabam: ana duba abin da litar ruwa ta haifar, a ga gilashi mai ƙyalli, a ce ƙawa ce, a wuce. Alhali lita ɗaya tana da fuska biyu. A wajen mai gida ƙawa ce zalla, zai iya yin wata shida taga na da ƙura babu abin da ya same shi. A wajen mai wanki kuwa kuɗin haya ne da cefane. Mai gida da ya jiƙa ciyawar tsakar gidansa da yamma da mai wankin da ya jiƙa taga da safe duk tiyo suka riƙe, amma idan an ƙwace tiyon, ɗaya ya rasa korayen ganye ne, ɗaya ya rasa albashi. Dokar da ta auna su da mudu ɗaya ta duba kayan aiki ne, ba ta duba mutum ba.

Tsarin Ingila, a gaskiya, ya fahimci wannan zuwa wani mataki. Hanin tiyo na farko kamfanin ruwa ne ke sa shi da kansa, kuma galibi yakan keɓe waɗanda ke wanke tagogi ko motoci a matsayin sana'a. Sai fari ya tsananta ne kamfani ke neman izinin gwamnati ya hana abin da ake kira amfani marar muhimmanci, kuma a nan ne wanke tagogin ofisoshi da shaguna da na'urar wanke mota ke shiga. Bayan wannan sai matakin gaggawa, inda ake yanke ruwa ana kafa famfo a bakin titi, kamar yadda aka yi a wasu sassan ƙasar a farin 1976. Wannan hawa-hawa ya dace da hankali. Inda ya gaza shi ne a mataki na biyu: an tanadi ikon hana mutum aikinsa, ba a tanadi abin da zai ci ba.

Za a ce, ai kowa na da wannan hujja. Mai kula da filin golf shi ma albashi yake ci, haka mai gyara wuraren ninƙaya na attajirai, haka mai sayar da furanni. Idan an buɗe ƙofa don sana'a, babu abin da za a iya hanawa. Wannan suka tana da nauyi, kuma ba a amsa ta da cewa wata sana'a ta fi wata daraja. Amsarta lissafi ce: ruwa nawa ake ci kafin ciki ɗaya ya ƙoshi? Mutum a Ingila yana amfani da kimanin lita 140 a rana a gida. Tankin mai wanke taga na yini guda ruwan mutum uku ko huɗu ne, a ninka shi ma saboda tacewa, har yanzu ruwan gida biyu ko uku ne, kuma da shi iyali ɗaya ke rayuwa. Na'urar fesa ruwa a lambu kuwa tana iya cin lita 1,000 a awa ɗaya ba ta ciyar da kowa ba. Sannan ga babban abin da ba a cika son ambato ba idan ana wa'azin tattali: bututun ruwa a Ingila da Wales suna yoyon kusan lita biliyan 3 a kowace rana, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka tace aka tura. A raba wannan da tankin lita 500, za a ga ya cika motar masu wanke taga miliyan 6. Lokacin da kamfanin Thames Water ya hana kwastomominsa miliyan 10 amfani da tiyo a Agustan 2022, shi kansa yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwansa a ƙarƙashin titunan Landan da kewaye. Wanda randarsa ke yoyo haka ba shi da bakin ƙirga wa maƙwabci moɗa.

Suka ta biyu ta fi wayo. Ana cewa ba litar ce damuwa ba, ido ne: idan mace ta haƙura tana tara ruwan wanka tana zuba wa shuka, sai ta leƙa ta ga wani yana feshin ruwa a gilashin banki, zuciyarta za ta mutu, ta ce ashe ita kaɗai ce wawuya. Tattalin ruwa a birni ya dogara ne kan kowa ya yarda cewa kowa na yi. Haka ne, kuma Cape Town ta nuna shi. A farkon 2018, bayan shekara uku na fari, madatsar Theewaterskloof ta kusa komawa fili mai ƙura, aka ƙayyade wa kowa lita 50 a rana daga 1 ga Fabrairu, aka ce idan madatsu suka sauka zuwa kashi 13.5 za a rufe famfuna a koma layi ana karɓar lita 25. Birnin ya rage shan ruwansa da fiye da rabi, ranar rufe famfunan ba ta zo ba, kuma kunyar juna ta taimaka ƙwarai. Amma a dubi abin da wannan hujja ke nema a zahiri: a hana talaka aikinsa ba don ruwan da yake ci ba, sai don yana bakin titi inda ake ganinsa. Yoyon bututu na ƙarƙashin ƙasa, wurin ninƙaya na bayan katanga. Wani bincike da aka buga a 2023 ya nuna cewa gidajen masu hali a Cape Town, waɗanda ba su kai kashi 14 na jama'a ba, su ke shan fiye da rabin ruwan birnin. Idan abin da ake so shi ne a ga adalci da ido, to a nuna wa mutane lambar mitar manyan masu shan ruwa, kamar yadda hukumar birnin ta taɓa wallafa titunan da suka fi ɓarna. Yin hadaya da wanda ya fi sauƙin gani yana kwantar da hankali na ɗan lokaci, amma madatsa ba ta cika da shi.

Saura suka ta uku, wadda ta fi kusa da zuciyar mai addini: fari daga Allah yake, kowace sana'a da ƙaddararta, wanda ya shiga sana'ar ruwa ya san wata rana ruwa zai yanke, don me za a biya shi? Da farko dai, ba fari ne ya tsayar da shi ba, hukuma ce. Ruwa yana nan a famfo, an zaɓi a ba wani ne a hana shi, kuma zaɓin na iya zama daidai, amma zaɓi ne na mutane, domin amfanin mutane. Na biyu, fikihu bai taɓa cewa asarar da ta sauko daga sama ta zauna a kan wanda ta fara faɗa wa ba. A mazhabar Malik akwai babin bala'in da ke afka wa 'ya'yan itace bayan an sayar da su suna bisa bishiya: idan ɓarnar ta kai kashi ɗaya cikin uku, ana rage wa mai saye kuɗin gwargwadonta, idan kuwa rashin ruwa ne ya jawo ta, ana rage masa ko da ba ta kai haka ba. Mas'alar ta ciniki ce tsakanin mutum biyu, ba ta hukuma da talaka ba, don haka ba za a ɗauko ta a ɗora kai tsaye ba, amma ta nuna inda malaman suka karkata. A farin Shekarar Toka kuma, a 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar bai ce wa Larabawan ƙauye da suka kwararo Madina ƙaddara ce su haƙura ba. Ya aika wa gwamnoninsa, Amru ɗan Asi ya turo abinci, Umar kuma ya jinkirta karɓar zakka, ya dakatar da haddin sata. Imani da ƙaddara bai hana shi ganin cewa rabon wahalar aikin shugaba ne ba.

Birtaniya ma ta amince da wannan ƙa'ida a aikace. A 2020, da ta umarci mutane su zauna a gida saboda korona, ta biya ma'aikatan da aka dakatar kashi 80 na albashinsu har zuwa wani iyaka, ta yi wa masu zaman kansu makamancin haka. Wanda aka tsayar domin kare ruwan jama'a bai bambanta da wanda aka tsayar domin kare lafiyarsu ba, kuma kuɗin nan kaɗan ne: masu wanke taga da mota ba su da yawa, hanin kuma na 'yan watanni ne. Inda ya dace su fito shi ne aljihun kamfanin da yoyonsa ya gaggauta kai gari ga wannan mataki. A madadin haka ana iya barin mai sana'a ya ci gaba da ruwan da ba na sha ba, na sama da ya tara ko wanda aka sake tacewa, kamar yadda masu wanke mota a Cape Town suka koma yi, muddin an ba shi lokaci da jarin sauyawa.

Wurin da abin ya fi wuya shi ne waɗanda ba su da takarda. Mai kamfani mai rajista yana da rasit da zai nuna abin da ya rasa. Yaron da yake ɗauka aikin yini, ko mai wanke mota a gefen titi a unguwar Khayelitsha ta Cape Town, ba shi da komai a rubuce, kuma shi ne ake fara sallama. A farin Cape Town an yanke wa noma kusan kashi 60 na ruwansa, aka kiyasta ayyukan gona kimanin 30,000 sun salwanta a lardin da birnin yake, akasarinsu na masu tsinkar 'ya'yan itace na kaka. A cikin lardin ne kuma manoman yankin Grabouw suka sako wa birnin kimanin lita biliyan 10 daga madatsunsu a Fabrairun 2018, jaridu suka yi ta yaba musu, kuma sun cancanta. Ma'aikatan kaka su ma ruwa aka karɓa daga bakinsu aka kai birni, sai dai su ba a tambaye su ba, kuma ba su da sunan da za a rubuta a takardar diyya ko da an tanade ta.