Kafin Mu Sa Hannu a Takardar Banki



Kusan kowace Juma'a, da zarar an sallame, kafin mutum ya gano inda ya ajiye takalminsa, sai ka ga wani ya tare wani da takarda a hannu. "Alhaji, don Allah ɗan sa mini hannu a nan. Banki ne suka ce sai na kawo mutum biyu." Alhaji ya karɓi biro, ya ɗora takardar a bayan mota, ya rubuta sunansa da lambar asusunsa, ya rattaba hannu, a rabu da "Allah ya bar zumunci". Duka-duka minti biyu. Da yawanmu an yi mana haka, mu ma mun yi wa wasu. Tambayar da ba mu cika tsayawa a kanta ba ita ce: a cikin minti biyun nan, me muka faɗa, kuma wa muka faɗa wa?

Mun san abin da ya kai mu banki. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, mai saye a Wunti da Muda Lawal ba shi da magana sai "zan yi maka tiransifa". Wanda ya saba ɗaure kuɗinsa a lalita ya wuni bai yi ciniki ba. Ƙaramin asusu kuwa yana da iyakar abin da zai ɗauka, ba zai ishi mai lodin masara ko mai sayen shanu a Mararrabar Liman Katagum ba. Sai aka koma asusun kasuwanci, wanda muke cewa karant, wanda wasunmu suka fi natsuwa da shi saboda galibi ba a zuba masa kuɗin ruwa.

To, a nan ne tambayoyi ke farawa. Lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014, a ɗauki zanen yatsunka da hoton fuskarka. Lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. A ƙarshen 2023 Babban Bankin ya ce manyan asusu sai an haɗa su da lambobin nan biyu. Sai hoto, sai takardar kuɗin wuta, wadda mu 'yan haya mun san sunan mai gida ne a jikinta. Sannan a miƙo maka fom guda biyu, a ce ka nemo mutum biyu masu karant, wanda ya kai aƙalla wata shida da buɗewa, su tsaya maka.

Ku lura da wannan. Na'ura ta riga ta san yatsansa, ta san fuskarsa, ta tabbatar shi ne ba wani ba. Me ya rage da har ake neman mutum biyu? Hali. Za a danƙa masa littafin cak, ya rubuta adadi a takarda ya karɓi kayan mutane, kuma dokar ƙasa tun 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu ga wanda ya ba da cakin da ya san babu kuɗi a bayansa. Kwamfuta ba ta san wanda ke cika alkawari ba. Shi ya sa aka dawo wurinmu.

Abin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su da katin shaida. Falke ya isa Salaga, ya sauka a gidan wani a zango, mai gida ya ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, sunansa ne shaidar baƙon. Haka a Sabo ta Ibadan: mai shanu daga Arewa ya sayar wa mahauta bashi, bai san ko ɗayansu ba, mai gidansa ne ya san su, in an ƙi biya shi za a kama. Amma mai gidan nan ba ya tsaya wa mutum a bakin ƙofa. Baƙon yana kwana a gidansa, suna cin tuwo kwano ɗaya, ya ga yadda yake lissafi, ya ga ko yana tashi da asuba. Fom ɗin banki ragowar wancan tsari ne. Mun riƙe sa hannun, mun yar da zaman.

Wani zai ce, "Haba, ai ba garanto ba ne. In ya ci bashi ba ni zan biya ba." Wannan gaskiya ne, fom ɗin ba na lamuni ba ne. Na shaida ne. Kuma mu da muke zama a karatun magariba mun san wanne ya fi nauyi. Lamuni dukiya yake ci, shaidar zur kuwa Manzon Allah (SAW) ya lissafa ta cikin mafi girman manyan zunubai, yana kishingiɗe ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. An kuma ruwaito cewa wani ya zo zai yabi wani mutum a gaban Sayyidina Umar, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Duka ya ce a'a. Umar ya gaya masa cewa lalle bai san shi ba. Mu fa? Sau da yawa abin da muka sani game da mai takardar nan shi ne yana tsayawa a sahu na biyu. Wanda za a damfara da asusun, ko matar da za a tura kuɗin fansar mijinta ta cikinsa, ba su san mu ba, amma hannunmu na cikin abin da ya buɗe ƙofar.

Mu faɗi gaskiya, yawanci ba son zuciya ke sa mu ba. Kunya ce. Mutum ya kira ka Baba, ya durƙusa ya gaishe ka a gaban jama'a, ta yaya za ka buɗi baki ka ce ba ka san shi ba?

Kuma akwai abin da ya fi kunya ƙarfi. Dukanmu a masallacin nan zuwa muka yi. Wani daga Maraɗi, wani daga Damagaram, wani daga Katsina, wani rikici ya koro shi daga Borno ko Yobe da rigar jikinsa kawai. Babu wanda ya sauka a Bauchi da sananne a goshi, wani ne ya fara yarda da shi. In yau muka ce kowa ya riƙe bironsa, ina sabon zuwa zai nufa? Mun san inda yake nufa. Zai zuba jarinsa a asusun wani, da baki kawai, babu rubutu babu shaidu, alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ranar da mai asusun ya rasu, banki sunan da ke takarda ya sani, magada kuma su ce ba a gaya musu ba. Ko kuma ya faɗa hannun masu "gyara takardu", Mahamadou ya zama Muhammad haifaffen Jibiya, alhali doka ta ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida damar yin NIN da ainihin ƙasarsa. Ƙin sa hannun da muka yi don tsare mutuncinmu, ga inda ya jefa shi. Wannan ma ba mu fita ba.

Abin da muke gani shi ne, tsakanin "kawo in sa" da "ba zan iya ba" akwai amsa ta uku, ita ce ta masu gida na da, sai dai tana cin lokaci. "Bar takardar a wurinka, gobe ka zo shago." A tambaye shi wa ya kawo shi garin nan, a gidan wa yake kwana. A buga waya garinsu, don babu ƙauyen da za a ambata a rasa wanda ya san wani a can cikin jama'ar masallacin nan. A je a ga rumfarsa. A ba shi kayan dubu ashirin bashi zuwa ranar kasuwa, a ga yadda zai dawo. Kafin nan, a raka shi ya buɗe ƙaramin asusu da sunansa, wanda ba ya buƙatar kowa ya tsaya masa, don kada kuɗinsa ya kwana a hannun wani. In kuma bincike ya nuna abin da bai kwanta maka ba, ka ja shi gefe ka gaya masa, ba ka ce biro ya ƙi yi ba.

Yawancin fom ɗin suna da ɗan layi da ke tambayar tsawon lokacin da ka san mutumin. Mun saba cike shi da "shekara biyar" ba tare da mun ƙirga ba, shi ma mai takardar yakan ce, "Alhaji, sa biyar kawai." In tun bayan Babbar Sallah kuka haɗu, a ƙirga watannin a rubuta su yadda suke, ma'aikacin banki ya duba ya yanke nasa hukuncin.