Kafso Biyu Ba Magani Ba Ne

Ɗana, zo ka zauna. Jiya na gan ka a wani kemis a hanyar Doma kana cewa a ba ka Ampiclox guda biyu, wai hunturu ya sa maka mura. Abin ya kwana a raina.

Ampiclox da amoksisilin da allurar fenisilin duk 'yan gida ɗaya ne, aikinsu kuma ɗaya. Bakteriya tana kewaye kanta da katanga kamar ganuwar gari, kullum tana ɗora sabon tubali don ta girma ta rabu biyu. Fenisilin shi ke riƙe hannun maginin, katanga ta yi rauni, ruwa ya kutsa ciki, ƙwayar ta fashe. Ƙwayoyin jikinmu ba su da wannan katanga, shi ya sa yake ƙyale su. Bairos mai kawo mura ma ba shi da ita. To me ka kashe da kuɗinka?

Ko da ciwon na bakteriya ne, ƙoda tana zubar da maganin ta fitsari cikin 'yan sa'o'i. Dalilin da likita ke cewa duk awa shida ko takwas ke nan, har kwanakin da ya rubuta su cika. Ka sha biyu ka ajiye, raunana sun mutu, masu taurin kai sun rage, su hayayyafa. Wasunsu har sinadari suke fitarwa mai datse maganin kafin ya iso katanga. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, ya yi wannan gargaɗi da bakinsa lokacin karɓar kyautar Nobel a 1945. Ranar da ciwon huhu zai kwantar da ɗanka, Allah ya kiyaye, maganin da ka wulaƙanta shi za ka nema.

Ka faɗa wa maiɗakinka kada ta ɗiga wa jaririn nan Ampiclox don kawai maƙwabta suna yi. A kuma daina fasa kafso ana barbaɗawa a gyambo.

Wani jikin ba ya karɓar fenisilin. In ka sha ka ga borin jini, ko leɓe ya kumbura, ko numfashi yana sarƙewa, kada ka jira gari ya waye, a hau keke a kai ka asibiti. Daga ranar, duk likitan da zai rubuta maka magani, ka gaya masa tun kafin ya ɗauki biro.