Idan Riba Ta Shigo, Wa Zai Iya Cewa A'a?

Jama'a, akwai tambayar da ta daɗe tana yawo a majalisunmu na bayan sallar isha'i: shin abin da aka kafa don amfanin al'umma zai iya neman riba ba tare da ya ci amana ba? Wani labari daga Amurka ya sa muka sake ɗauko ta.

A Disamban 2015 aka kafa OpenAI a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, da alƙawarin cewa ƙirƙirarriyar basira za ta amfani ɗan Adam baki ɗaya. To amma aikin yana cin kuɗi, manyan kwamfutoci ba sa tafiya da fatan alheri. A 2019 suka buɗe reshen kasuwanci, Microsoft ya zuba dala biliyan 1. A Nuwamban 2022 ChatGPT ya fito, wanda yaranmu ke tambaya a waya yanzu. Ranar 17 ga Nuwamban 2023 kwamitin amintattu ya sallami shugaban kamfanin, Sam Altman, bisa cewa ba ya fito musu fili. Ma'aikata sama da 700 suka ce za su ajiye aiki. Ba a yi mako ba Altman ya dawo, kwamitin ne aka sauya.

A takarda, iko na hannun amintattu. Ranar da aka gwada, sai ya koma inda kuɗi da albashi suke. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Kada mu yi saurin cewa neman kuɗi shi ne laifin. Nan Bayan Loco muna da Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, tana hidimar ƙananan rance ga mata da koyar da kwamfuta. Duk mai irin wannan aiki ya san tallafi yakan ƙafe kamar rafi da rani, dole a nemi abin dogaro da kai. Mu ma haka muke: shagunan da aka gina jikin masallaci, kuɗin wata na Islamiyya, rijiyar burtsatse da ake sayar wa 'yan ga-ruwa. Ba don su ba, da me za a biya malamai, da me za a sayi mai?

Gwajin yana zuwa ne ranar da riba da manufa suka yi karo. Maraya ya kasa biyan kuɗin wata uku, ga mai kuɗi yana neman gurbi. Mai shago ya ninka haya, da sharaɗin a tashi tsohuwar da ke sayar da ƙosai a wurin. Wa zai ce a'a? Idan mai yanke hukunci shi ne mai cin moriyar kuɗin, wallahi ko waliyyi ne mun jefa shi cikin jarrabawa.

Su ma amintattun OpenAI da nasu kuskuren: sun yanke hukunci ba su yi wa mutane cikakken bayani ba, sai suka rasa mai tsaya musu. Amanar da ake riƙewa a ɓoye ba ta da mai kare ta.

Saboda haka muna ba kwamitocinmu shawara uku. A raba hannu: mai karɓar kuɗi daban, mai tsaron manufa daban. A rubuta abin da ba na sayarwa ba ne, kamar gurbin marayu, tun kuɗi bai taru ba, don ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a ko sau biyu a shekara, kowa ya ji da kunnensa.

Iyayenmu da aikin jirgin ƙasa da fatauci suka kawo garin nan sun bar mana waɗannan wurare ne amana. Allah Ya ba mu ikon miƙa su yadda muka karɓa.