Ɗaukar Nauyin Maraya Aikin Kullum Ne: Haƙƙin Ma'aikata da Gyaran Gidan Marayu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya raba arziki tsakanin bayinsa bisa hikimarsa, ya jarrabi mawadaci da abin da ya ba shi, ya jarrabi matalauci da abin da ya hana masa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya tashi yana maraya Ubangijinsa ya yi masa matattara, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi maza da mata, muna yi wa kanmu da ku wasiyya da tsoron Allah a ɓoye da bayyane. Nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi gidajen marayu da ke cikin garuruwanmu, da mutanen da ke yi musu hidima dare da rana, da ɗakunan da yaran ke kwana ciki.

Lalle jama'armu ba marowata ba ne ga maraya. Idan watan azumi ya kama za ka ga buhunan hatsi da shinkafa da sukari suna shiga gidan marayu, ranar ƙaramar salla a kai ɗinkakkun tufafi, ranar layya nama ya yi yawa har sai an soya an ajiye. Allah ya karɓa, ya saka da alheri. Sai dai shekara wata goma sha biyu ce, kuma yaron da ya ƙoshi ranar salla zai wayi gari cikin watan Safar yana bukatar wanda zai yi masa wanka, ya dafa masa abinci, ya kai shi likita, ya koya masa karatu. A nan ne muke da giɓi. Da wuya ka ji mai kyauta ya zo ya ce: ga wannan, a biya mai reno albashinta, ko kuwa a kwashe masai, ko a toshe rufin da ke yoyo. Zukatanmu sun fi karkata ga sadakar da ido ke gani.

Kowa ya san bushara da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya cikin hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu (R.A.), inda ya kwatanta kusancinsa da shi a Aljanna da kusancin yatsa manuniya da ta tsakiya. Malamai sun bayyana cewa ɗaukar nauyin nan ya ƙunshi ci da sha da tufa da makwanci da tarbiyya da lura da lafiya. To mu tambayi kanmu, a gidan marayu wane ne ke tsaye a kan waɗannan al'amura? Ita ce baiwar Allah da ke kwana zaune da jariri mai zazzaɓi a cinyarta, da mai tuƙa tuwon yara da yawa a gaban murhu cikin zafin bazara, da mai wankin shimfiɗar waɗanda ke fitsarin kwance, da mai gadin ƙofa, da malamin da ke biya musu allo. Wanda ya biya ladan aikin waɗannan mutane domin su zauna su riƙe yaran, ya shiga cikin ɗaukar nauyin maraya ta babbar ƙofa, kuma muna kyautata zato ga Allah ba zai hana masa rabonsa na wannan bushara ba.

Mu dubi tarihin fiyayyen halitta. Mahaifinsa ya rasu tun yana ciki, mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 6, kakansa Abdul Muɗɗalibi ya rasu yana da shekara 8, sannan baffansa Abu Ɗalibi ya riƙe shi. Masu tarihi sun kawo cewa lokacin da matan Banu Sa'adu suka sauka Makka neman jariran shayarwa, cikin shekarar fari, duk wadda aka nuna mata shi sai ta kau da kai da jin cewa maraya ne, saboda daga hannun uban yaro ake sa ran samun lada. Halimatu ce ta ɗauke shi bayan ta rasa wani, Allah kuwa ya sanya albarka ga nononta da dabbobinta. Matan nan talakawa ne, da shayarwa suke ciyar da gidajensu. Abin da ya sa suka ja da baya a wancan zamani shi ne ke raba ma'aikatan kirki da gidajen marayu a yau, wato rashin wanda zai tsaya a matsayin uba ya biya. Jama'ar masallaci ita ce ya kamata ta zama wannan uba.

Akwai masu cewa ai wannan aikin Allah ne, bai kamata mai yin sa ya nemi albashi ba. Wannan magana tana da daɗin ji, amma ba ta dace da abin da magabata suka yi ba. Lokacin da aka ɗora wa Sayyadina Abubakar (R.A.) halifanci, shi ɗan kasuwa ne mai sayar da tufafi, da hidimar Musulmi ta hana shi kasuwa sai aka yanka masa abin da zai ishe shi da iyalinsa daga baitulmali. A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i Allah ya umurci mai riƙon dukiyar maraya da ya kame in mawadaci ne, ya kuma halatta masa ya ci gwargwadon abin da aka sani in matalauci ne. Haka nan Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) hadisi ƙudusi da ya ambaci mutum uku waɗanda Allah da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ci moriyar aikinsa cikakke, sa'an nan ya hana shi ladansa. Hadisin bai ware masu gidan marayu ba. Wanda ya ga dama ya yi aiki kyauta don Allah, Allah ya ƙara masa daraja, amma ba ya halatta mu mayar da haƙurin talaka jarinmu.

Kuma ku sani, jinkirin albashi a kan yara yake ƙarewa. Wasu daga cikin masu reno mata ne da mazajensu suka rasu ko suka rabu da su, suna da nasu ɗiya a gida. Idan wata biyu ko uku suka wuce ba a ba su kome ba, dole su tafi neman abin da za su ci. Yaron da ya saba da mace ɗaya har yana kiran ta inna, ranar da ta ɗaure kayanta ya sake zama maraya karo na biyu. Waɗanda suka rage kuwa aiki ya yi musu yawa, gajiya ta kawo faɗa da tsawa, alhali Allah ya hana tsananta wa maraya a Suratul Duha, kuma a Suratul Ma'un ya sanya tunkuɗe maraya cikin alamomin mai ƙaryata sakamako.

Bari mu yi lissafi a fili domin kowa ya ga nauyin bai fi ƙarfinmu ba. Tun daga watan Janairu na 2024 mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka a Nijar shi ne sefa 42.000 a wata, wato jika 42. Mu ɗauka, a bisa misali, gida yana da ma'aikata 10: masu reno, da mai dafa abinci, da mai wanki, da mai gadi, da malami, da mai kula da lafiya. Albashinsu a wannan ma'auni jika 420 ne a wata. Idan mutum 42 cikin masallaci guda suka yi alkawarin jika ɗaya ɗaya kowane wata, sun ɗauke albashin ma'aikaci guda. Masallatai 10 sun ɗauke gidan baki ɗaya. Jika ɗaya a wata kuwa bai kai dala 7 a rana ba. Nawa muke kashewa a shayi da goro da kuɗin waya? Nana A'ishatu (R.A.) ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Da ɗan abin da ke zuwa kowane ƙarshen wata shugaban gida ke iya ɗaukar ma'aikaci ya yi masa alkawari ya cika, abin da babbar kyautar shekara sau ɗaya ba ta ba shi ikon yi.

Sai maganar ginin kansa. Ba mu manta da damanar 2024 ba, yadda ruwa ya rushe gidaje masu ɗimbin yawa, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Damagaram na ginin ƙasa ya faɗi cikin watan Satumba, har aka ɗage komawar yara lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Bangon da ya tsage da rani shi ke faɗuwa da damana, kuma yaɓe da gyaran indararo kafin saukar ruwa ya fi sauƙi a kan sabon gini, balle a ce rai ya salwanta. Gidan marayu yana bukatar ruwa mai tsabta wanda ba ya yankewa, da makewayi isasshe da ake kwashewa a kan kari, da gidan sauro ga kowane yaro saboda zazzaɓin damana, da ɗakuna masu iska domin cunkoso ke yaɗa sanƙarau da ƙyanda lokacin zafi, da katanga da ƙofa mai makulli. Yana bukatar ɓangaren maza dabam na mata dabam, tun da an umurce mu da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara 10. Mai ginin da ya zo ya yi yaɓe kyauta, da maƙerin da ya gyara ƙofa, da ɗan kasuwar da ya ɗauki kuɗin ruwa da na wuta, kowannensu ya yi sadaka mai gudana ko da ba a rubuta sunansa a jikin bango ba.

A nan wajibi ne mu yi bayani a kan zakka, domin mutane da yawa suna zaton ita kaɗai ta isa. Allah ya ƙayyade masu cin zakka gida 8 a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Maraya matalauci yana ciki saboda talaucinsa, don haka ana ba shi ta hannun mai riƙonsa domin abincinsa da tufarsa da maganinsa. Amma malamanmu na mazhabar Imamu Malik ba su yarda a karkatar da zakka zuwa gine-gine ba. Saboda haka gini da gyara da albashin ma'aikata a nemo su daga sadakar ganin dama da wakafi, kuma ma'aji ya ware asusun zakka dabam kada ya cakuɗa shi da sauran.

Wakafi, wanda littattafanmu na fiƙihu ke kira hubusi, shi ne maganin da ya fi dorewa. Sayyadina Umar (R.A.) ya sami gona a Khaibara wadda bai taɓa mallakar dukiyar da ta fi ta daraja ba, Manzon Allah (S.A.W.) ya ba shi shawara ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Sai ya sharɗanta ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta, kuma ya yarda mai kula da ita ya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka sani. Ku duba, tun a wannan wakafi an tanadi haƙƙin mai aiki. Sayyadina Usmanu (R.A.) kuma ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. A ƙasarmu an yi dokar wakafi a 2019, aka kuma kafa hukumar da ke kula da shi. Attajiran Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, wanda Allah ya hore wa shaguna goma a kasuwa, me zai rage masa idan ya tsayar da guda ɗaya kuɗin hayarsa na tafiya ga albashin masu reno? Mai gonaki ya tsayar da gona, mai garka ya tsayar da garka, a rubuta takarda gaban shaidu da hukuma domin kada magada su tayar da magana bayansa.

Kada kuma mu jingina da taimakon ƙetare kaɗai. Muna godiya ga duk wanda ya taimaka, amma abin da ya faru bayan watan Yuli na 2023 ya isa wa'azi: aka rufe iyakoki, wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, kayan masarufi suka yi tsada, wasu masu ba da agaji suka dakatar, har zuwa Fabrairun 2024 da ƙungiyar CEDEAO ta ɗage takunkuminta. Yaro ba ya jiran a buɗe iyaka kafin ya ji yunwa. Malamanmu sun ce ɗaukar yaron da aka yasar da renonsa farilla ce ta kifaya, idan wasu suka yi ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. A kan mutanen garin da yaron yake wannan farilla ta fara hawa.

Ku kuma shugabannin gidajen marayu, ku ji tsoron Allah cikin amanar da ke hannunku. Aya ta 10 ta Suratun Nisa'i ta yi wa masu cin dukiyar marayu da zalunci alkawarin wuta. Duk abin da ya shigo a rubuta, duk abin da ya fita a rubuta, kada mutum ɗaya ya riƙe kuɗi shi kaɗai, kuma bayan kowane wata uku a karanta wa jama'ar masallatan da ke taimakawa lissafi. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Ku zaɓi ma'aikata masu addini da haƙuri, ku koya musu aikin, ku ba su ranar hutu. Ku nema wa kowane yaro takardar haihuwa, ku haɗa masa karatun addini da na lakwal da sana'ar hannu, domin ranar da zai fita ya fita da abin riƙe kansa. Yaron da ke da uwa ko dangi masu iya riƙonsa, a taimake su ya zauna cikinsu, a bar gurbin ga wanda ba shi da kowa.

Ya ku ƴan'uwa, babu wanda ya san ɗiyan wane ne za su wayi gari marayu. Muna roƙon kowane limami ya tayar da wannan magana bayan sallar Juma'a, a sami mutum biyu amintattu su rubuta sunayen masu alkawarin wata-wata, mata ma su yi haka a makarantunsu na Islamiyya, sa'an nan a tafi gidan marayu mafi kusa a tambayi shugabansa albashin wa ya makara, wane ɗaki ne ke yoyo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ya Allah ka jiƙan iyayen marayu da suka riga mu gidan gaskiya, ka shirya zuriyarsu, ka ƙarfafi masu renonsu, ka mayar wa masu ciyarwa da mafi alheri, ka tsare mu daga rowa da cin amana, ka zaunar da ƙasarmu lafiya, ka ba mu damana mai albarka. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.