Baƙo Raɓa Ne, Har a Kan Dutse

Mu da muke zaune a wannan yanki na Ikara da Maƙarfi da Kudan ba mu gaji hawa dutse don nishaɗi ba. Ƙasarmu ta rake ce da tumatir da masara, in ka ga mutum ya nausa daji, to makiyayi ne, ko maharbi, ko mai neman itace da saiwar magani. Amma mu malaman makaranta mun daɗe muna kwasar ɗalibai zuwa yawon buɗe ido, kuma a irin wannan fita ne wani yaro ya jefo mana tambayar da har yau ba mu gama warware ta ba.

Wata shekara da hunturu muka kai su Dutsen Kufena, wanda yake yamma da Zariya, daura da Wusasa, domin su ga wurin da masana tarihi suka ce Zagezagi sun zauna kafin birnin na yanzu. Muka yada zango a wata inuwa, muka hura wuta, aka dafa shayi. Ana shirin saukowa sai muka tarar da yara uku sun ɓalle gwangwanin fenti suna rubuta sunayensu a jikin dutse. Muka tsawata musu. Ɗayansu ya rusuna cikin ladabi ya ce, "Malam, ba ku kuka koya mana zanen shanun da mutanen da suka yi a duwatsun Birnin Kudu ba? Nasu ya zama tarihi, namu kuma ya zama laifi?"

Mai karatu, kada ka raina wannan tambaya. Son a tuna da mutum ba mugun abu ba ne, shi ne ma yake sa mu marubuta mu ɗora sunayenmu a bangon littafi. Kuma in an bi ta barauniyar hanya, yaron yana da wata hujjar da bai faɗa ba: dutsen ba gonar kowa ba ne, ba shi da maigadi, ba a kuma ɗauke wa kowa komai ba. To, wa aka zalunta?

Abu na farko da muka lura da shi, yawa yana sauya hukuncin aiki. Mutum ɗaya ya tsinki kara a gonar rake, maigona ba zai ko sani ba. Duk masu wucewa su tsinka, gona ta tashi. A shekarar 1953 mutum biyu ne, Edmund Hillary da Tenzing Norgay, suka fara taka ƙololuwar tsaunin Ebarest mai tsawon mita 8,849. Da hawansa ya zama yayi, ɗaruruwa suka riƙa tururuwa kowace shekara, suna barin tukwanen iskar numfashi da yagaggun tantuna da bahayarsu a cikin ƙanƙarar da ba ta ruɓar da komai. Sai da ta kai a 2014 gwamnatin Nefal ta wajabta wa kowane mahayi ya sauko da shara kilo 8, in ba haka ba a riƙe dala 4,000 da ayarinsa ya ajiye. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi nufin ɓata tsaunin. Kowa ya ce ne nasa kaɗan ne, daidai da abin da yaranmu uku suka ce a zuci.

Na biyun shi ya fi damun mu. Mun saba ɗaukar abin da yake na kowa da kowa tamkar abin da ba na kowa ba, shi ya sa muke karya kujerar aji, alhali ba ma karya ta gida. Dajin da ɗan birni yake gani wayam, cike yake da masu haƙƙi, ba sa nan ne kawai a lokacin da ya iso. Ledar da aka jefar, saniyar Bafulatani ce za ta haɗiye ta, ta cushe mata tumbi har ta rame. Ruwan da ya taru a kwarmin dutse, wanda aka wanke tukunya da sabulu a ciki, shi wani zai durƙusa ya sha gobe. Murhun da aka bari da garwashi a watan Janairu, iska ɗaya ta isa ta kai shi ga busasshiyar ciyawa, daga nan sai tarin amfanin da manomi bai kwashe ba. Malamanmu na zaure sun karantar da mu tun muna yara cewa an hana biyan buƙata a kan hanya da inuwar da mutane suke hutawa da mashayar ruwa. A dubi wannan hani da kyau: duk domin wanda bai zo ba tukuna aka yi shi, wanda ba zai taɓa sanin mai laifin ba balle ya kai ƙara.

Wani zai ce ai masu sarar itace da masu fasa dutse sun fi ɗan yawon buɗe ido ɓarna nesa ba kusa ba. Haka ne, kuma wannan magana ce mai zaman kanta. Sai dai mai sarar itace yana iya kafa hujja da yunwar iyalinsa. Wanda ya zo kallo kuwa, da me zai kafa tasa? Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, raɓa kuwa in rana ta fito ba ka ganin inda ta kwana.

Zanen Birnin Kudu fa? Iyakar abin da muka iya ce wa yaron a ranar, waɗancan sun bar mana labarin shanunsu da zamansu, shi kuwa ya rufe fuskar dutse ne da sunansa, mai zuwa bayansa dole ya karanta ko yana so ko ba ya so. Bai nuna ya gamsu ba. Muka sa su goge da tsumma da kalanzir, fentin ya ƙi fita, sai ma ya baje. Muna cikin mota, mun kusa Hunƙuyi, sannan ɗayanmu ya tambaya ko akwai wanda ya zuba wa murhun nan ruwa. Motar ta yi tsit.